Neman kalma: me za mu kira "empathy" da Hausa?

Jama'a, ku taimaka min da kalma ɗaya. Ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a nan cikin birnin Katsina, kuma ran Laraba na nuna wa 'yan ajina wani ɗan bidiyo a wayata. Da ya ƙare na tashi in rubuta sunan abin da suka gani a allo, sai alli ya tsaya a hannuna. Turawa suna ce masa "empathy". Ni na rubuta tausayi, na goge. Na rubuta jinƙai, na sake gogewa.

Ga abin da ke cikin bidiyon, don ku san inda matsalar take. A gidan namun daji na Arnhem da ke ƙasar Holan akwai wata tsohuwar birinya, irin manyan biran nan marasa wutsiya da ake kira cimfanzi, sunanta Mama. A 2016 tana da shekara 59, tana kwance a kan ciyawa, ta duƙunƙune, ta ƙi abinci. Sai Farfesa Jan van Hooff, wanda ya santa tun 1972, ya shiga ya tsuguna kusa da ita. Da farko ko kallonsa ba ta yi ba. Da ta gane shi sai ta washe baki, ta miƙa dogon hannun nan, ta shafa furfurarsa, ta jawo shi, tana ɗan bubbuga ƙeyarsa da yatsu yadda uwa ke lallashin ɗanta. Ita ce a bakin mutuwa, amma shi ake lallashi.

To wa ke tausayin wa a nan? Tausayi a Hausa gangara yake yi, daga mai lafiya zuwa majinyaci, daga mai shi zuwa marar shi. Shi ya sa wani in ka ce ka tausaya masa sai ya ji haushi. Jinƙai kuwa ya fi haka nauyi, na Ubangiji ne da masu iko, kuma da an furta shi sai hankali ya tafi ga mamaci. Jaje sai an yi gobara ko ɓarayi sun shiga. Abin da nake nema shi ne wannan da ke sa in yaro ya buga yatsa a dutse kai ma ka ɗage ƙafa, ko in wani ya yi hamma a sahun gaba kafin a jima rabin aji sun buɗe baki. An ma gwada cimfanzi da bidiyon ɗan'uwansa yana hamma, shi ma ya yi.

Su kansu Turawan ba gadon kalmar suka yi ba. A 1909 wani masanin halayyar ɗan'adam, Edward Titchener, ya ƙera musu ita daga wata kalmar Jamusanci. Ke nan in mun ƙera tamu ba mu yi abin kunya ba.

Na dawo, na karanta amsoshinku, na gode ƙwarai. Masu cewa a bar ta a "tausayi" a huta, na ji ku, kuma a hirar yau da kullum ba zan yi musu da kowa ba. Amma a aji ina bukatar in raba biyun. Ɗan damfara yana da wannan baiwar fiye da ni da ku: yana karanta fargabarka da kwaɗayinka tun kafin ka buɗe baki, ya ji inda ke maka ƙaiƙayi, amma ko ɗigon tausayi babu. Su ma biran ba waliyyai ba ne. Jane Goodall, wadda ta fara zama da su a dajin Gombe na Tanzaniya a 1960 (ba Gomben mu ba, kafin wani ya tambaya), ta ga garke ɗaya ya rabe biyu, daga 1974 zuwa 1978 ɓangare ɗaya ya bi mazan ɗayan yana kashewa ɗaya bayan ɗaya. Dabbar da ke rungumar wanda aka doka ita ce ke dukan. Don haka kada kalmarmu ta zama yabo. Suna kawai muke so mu raɗa wa wani abu da jiki ke iya yi.

Wani dattijo, tsohon malamin Hausa daga Daura, ya kawo "jiyayya", kamar yadda so ya ba da soyayya, ƙi ya ba da ƙiyayya. Ranka ya daɗe, wallahi ta burge ni, har na kwana da ita. Abu biyu suka hana ni. Na farko, mu da muke cewa jiyya maimakon jinya, yaro zai ji ta ya ɗauka zaman asibiti ake nufi. Na biyu, siffar tana neman ba-ni-in-ba-ka, kamar jayayya, sai da mutum biyu kowa na ja. Amma a 1996, a gidan namun daji na Brookfield kusa da Cikago, yaro ɗan shekara 3 ya faɗa ramin gwaggon biri ya suma. Wata mace a cikin biran, Binti Jua, da nata jaririn maƙale a bayanta, ta ɗauke shi ta kai shi bakin ƙofar da ma'aikata ke shigowa. Yaron da ya suma bai ji komai nata ba. Hanya ɗaya abin ya bi.

Wata 'yar'uwa ta tuno mana karin magana: abin da ya taɓa hanci, ido ruwa yake yi. Hajiya, ai kin gama bayanin gaba ɗaya. Matsalar dai ba zan iya sa karin magana a takardar jarrabawa a matsayin suna ba.

Daga nan ne na koma kan "taya". Muna taya murna, muna taya baƙin ciki, muna taya jimami, har taya kwana muna yi. Ba ta zaɓi daɗi ko wuya ba, kuma mai tayawa a gefenka yake zaune, ba a samanka ba. Frans de Waal, wanda ya daɗe yana nazarin garken su Mama, ya rubuta tun 1979 cewa bayan faɗa wani da ba ruwansa da rigimar yakan je ya rungumi wanda ya sha kashi. Wannan in ba tayawa ba, mene ne? Saboda haka nake ba da shawarar "taya-ji".

Na san abin da za ku ce, an riga an faɗa: wai ta yi kama da "ke taya ni ji!" na masu gulma a gidan biki. Wani ma ya ce ya zaci tayar mota nake nufi. Na yi dariya, amma ni a ganina hakan riba ce, tunda bakin mutane ya riga ya saba da ita. Ku gwada: "Nas ɗin nan ta iya aiki amma ba ta da taya-ji." "Jariri ma yana da taya-ji, in wani ya yi kuka sai ya kama." Ba ta sarƙe harshe.

Jiya na kai ta aji ba tare da na fassara ba, na ce kowa ya ba ni misali. Yawanci hamma da kukan jarirai suka maimaita min. Sai wata yarinya a layin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ce ran kasuwa ta ga gardi da jan biri an sa masa 'yar riga, yana ƙamewa yana sara wa mutane ana jefa masa kuɗi. Ta ce da ya juya sai ta ga igiyar da ke ƙugunsa ta cinye gashin wurin har fata ta yi ja. "Malam, kowa na dariya, ni kuwa ƙuguna ne ya kama zafi." Na ce mata ta zo ta rubuta kalmar a allo da hannunta.

Saura cimfanzin kansa. Muna da su a dajin Gashaka Gumti da ke Taraba da Adamawa, amma ni har yanzu da sunan aro nake kiransu, kuma ɗaliban sun nace wai gwaggon biri ne. Duk wanda ya san sunan da mafarautan can ke kiransa, ya ajiye min a ƙasa.