Hoto kaɗai zai iya buɗe wa ɓarawo waya?

Hajiya Binta: Salamu alaikum. An turo mini saƙo wai akwai wani hoto da ke yawo, da zarar ya shigo waya shi ke nan an kwashe komai. Masana, gaskiya ne?

Sani Mai Gyara: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Hoto hoto ne, ba manhaja ba ce, babu abin da zai iya aikatawa. Duk wanda aka ƙwace wa WhatsApp ya zo shagona, in an bi diddigi, shi ne da bakinsa ya karanta wa wani lambobin nan shida da WhatsApp ke turowa don tantance mai layi.

Injiniya Nura: Saƙon da aka turo wa Hajiya ban yarda da shi ba, irinsa ba ya faɗin sunan waya ko manhaja, sai tsoratarwa. Amma Sani, maganarka ta farko akwai gyara. Hoto a dunƙule yake zuwa, dole wata 'yar manhaja a cikin waya ta warware shi kafin ka gan shi. Mugu yakan ƙera fayil ɗin ya yi ƙaryar girmansa. Kamar a ce maka tiya ɗaya ce, ka tara kwano, a juye maka buhu. Abin da ya zube yakan faɗa wani sashe na ƙwaƙwalwar waya, daga nan wayar ta fara bin umarninsa.

Sani Mai Gyara: A takarda ke nan. Ya taɓa faruwa?

Injiniya Nura: Sosai. A 2021 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta bincika iPhone ɗin wani ɗan fafutuka na Saudiyya, ta tarar an dasa masa Pegasus, manhajar leƙen asirin kamfanin NSO na Isra'ila. Ta iMessage, manhajar saƙo ta iPhone, aka aiko fayil mai sunan GIF, alhali PDF ne a ciki. Mai wayar bai taɓa komai ba. A Satumbar 2023 kuma aka gano ɓaraka a libwebp, 'yar manhajar da Google ya rubuta don karanta wani nau'in fayil ɗin hoto mai suna WebP. Chrome, Firefox, Edge da Signal duk sai da suka fitar da gyara cikin gaggawa, don dukkansu da ita suke aiki. Sitikar da muke tura wa juna a WhatsApp ma WebP ce.

Malam Habu: To ai ka ba Sani gaskiya ba ka sani ba. Gwamnatoci ke sayen Pegasus da maƙudan kuɗi, 'yan jarida da 'yan adawa ake bi da ita. Wa zai kashe wannan dukiya a kan wayar malamin firamare?

Injiniya Nura: Allah ya gafarta Malam, a ranar farko haka ne. Amma da zarar an fitar da gyara, asirin ɓarakar ya tonu, masu bincike su rubuta yadda take, ƙananan ɓarayi su karanta. A 2019 an samu irinta a WhatsApp na Android ta hanyar GIF, kuma wanda ya gano ta ya wallafa bayaninta a fili bayan an toshe. Wanda ya sabunta ya tsira. Abin da ke damuna shi ne wayoyin hannu-biyu da suka cika kasuwanninmu, waɗanda kamfanoninsu suka daina aika musu gyara tuntuni.

Sani Mai Gyara: Wannan kam na yarda, kullum ina ganinsu. Wasu kuma da gangan suke kashe sabuntawa don tsadar data. Amma ina nan a kan bakana: cikin masu kawo mini kuka, ban ga wanda hoto ya cuta ba.

Zainab: Yaya Sani, ta yaya za ka gane? Irin wannan kutsen ba ya kashe waya, tana aiki lafiya ƙalau. Mai ita ba shi da dalilin zuwa shagonka.

Hajiya Binta: Ni dai ku faɗa mini abin yi.

Injiniya Nura: Ki sabunta wayar da manhajojinta duk lokacin da suka nema, Hajiya. Ki kashe saukar da hotuna kai tsaye a WhatsApp, yana ragewa ko da bai toshe duka ba. Ɗan jarida mai iPhone kuma ya kunna Lockdown Mode, wato tsarin tsaurara tsaro na wayar, don an tabbatar ya tare wani harin Pegasus na 2023.

Sani Mai Gyara: Kuma kada ki ba kowa lambobin nan shida, ko da ya ce daga kamfani yake. Ki kawo wayar gobe in duba ko har yanzu tana karɓar gyara.