Bargon ɗinkin hannu: me ke sa wani ya fi wani daɗewa?

Tambaya: Salam alaikum. Me ya sa bargon haɗe-haɗen ƙyallaye yake buɗewa a wurin ɗinki bayan 'yan wanki? Laifin yadi ne ko na mai ɗinki?

Amsa ta 1: Galibi yadi ne, 'yar'uwa. Ki ɗaga shi ga haske. In saƙarsa sako-sako ce, bakin ƙyallen zai riƙa zarewa har ɗinkin ya rasa abin riƙewa. Nemi auduga zalla mai cikakkiyar saƙa, ki bar kwatan inci a bakin kowane haɗi. Kada ki haɗa tsohon yadi da sabo, tsohon ne zai fara yagewa.

Amsa ta 2: Haka ne, Malama. A wanke kowane yadi daban kafin a yanka. Auduga takan tsuke da kashi 3 zuwa 5 cikin 100, kuma ba daidai suke tsukewa ba, sai bargon ya tattare. Ja da shuɗi kuwa sukan zuba.

Amsa ta 3: Ku duba gefe ma, shi ke fara cinyewa. A yanka ƙyallen rufe gefen mai faɗin inci 2 da rabi, a ninka biyu.