Neman shawara: ina so in koma gudun kilomita 21 bayan ciwon idon sawu

Baban Khalifa:
Salamu alaikum 'yan zaure. Da yawanku kun san wata 9 kenan da na samu tsagewar ƙashi a idon sawun hagu, sati 6 ƙafar na cikin siminti daga nan sai sanda. Yanzu alhamdulillah ba ɗingishi, ina takawa daga Gangare zuwa Taminus a nan Jos in dawo lafiya lau. Wlh raina ya ƙi haƙura da gudu, kafin tsautsayin nan sau biyu na gama rabin maraton kuma ina so in sake ko sau ɗaya ne, akwai wanda za a yi a Abuja nan da wata 4. Ta ina zan fara, wa kuma ya kamata in gani?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam, sannu Baban Khalifa, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin ka sa kambas ka fara zuwa wajen masu gashin ƙashi, akwai sashensu a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, can Lamingo. Ni da agarata ta matsa min abin da aka fara gwada ni da shi kenan, in tsaya da ƙafa ɗaya in yi ɗage sau 20, sannan in yi tsalle a kanta, aka kwatanta da mai lafiyar. Ranar na gane tafiya daban gudu daban, don a tafiya kullum ƙafa ɗaya na ƙasa, a gudu kuwa duk taku sai ka dira da nauyin da ya ninka naka sau biyu ko fiye a kan ƙafa guda. Kuma wata nawa ƙafarka ba ta aiki ai sharaɓar ta zube, sai an sake gina ta.

Baba Alhaji:
Ni dai yarona da za ka ji tawa ka je wajen maɗori ya murza maka ita da man shanu, mu da haka muka tashi.

Koci:
Allah ya ƙara girma Baba, tausa tana sa jiki ya saki ba musu, amma ƙashin nan ya riga ya haɗe, abin da ya rage masa ƙarfi ne, shi kuma sai da atisaye. Ƙanena ga yadda nake yi da yarana in sun dawo daga jinya. Sati biyun farko sassarfa minti 1 tafiya minti 2, ka maimaita har minti 20, yau ka yi gobe ka huta. Kar ka fara a kwalta kuma kar ka je Dutsen Shere yanzu, na san ka da son tudu, gangarowa tana wahalar da idon sawu, ga duwatsu ka taka ɗaya ba daidai ba mun koma gidan jiya. Nemi fili shimfiɗaɗɗe ko burji mai laushi, irin zagayen filin ƙwallo. Duk sati abin da za ka ƙara kar ya wuce kashi 10 cikin 100, sati na huɗu kuma ka rage. Alƙalinka shi ne washegari da asuba, in ka sauko daga gado za ka yi alwala ka ji ta kumbura ko ta fi jiya ciwo to ka koma mataki ɗaya baya, ba gardama.

Ɗan Rikkos:
Yaya ka duba takalminka ma. Mafi yawansu daga kilomita 500 zuwa 800 katifar ta mutu ko da samansa na ƙyalli. In gwanjo za ka saya a Katako ka je da yamma lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, ka juya ƙasansa ka ga ko gefe ɗaya ya cinye, in ya cinye bar shi, tafiyar wani zai koya maka.

Maman Ilham:
Sai maganar ƙwaya, don Allah kar ka sha Diclofenac ko Ibuprofen ka fita gudu. Na taɓa yi, ciwon ya ɓuya na yi ta murna na ƙara kilomita 5, abin da ya jawo min zaman wata biyu kenan, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ga shi in suka haɗu da zufa da ƙarancin ruwa suna wahalar da ƙoda.

Baban Khalifa:
Ngd sosai. Koci gaskiya tsakaninka da Allah wata 4 zai isa?

Koci:
Zai iya, in likita ya sa hannu kuma ba lokaci za ka je nema ba. Manta da tsohon lokacinka, minti 7 duk kilomita zai kai ka kusan awa 2 da rabi, kuma ba laifi ka taka a wajen shan ruwa. Sharaɗina ɗaya ne, saura sati 3 ka yi kilomita 16 zuwa 18 ka wayi gari ƙalau, daga nan sai rage gudu har ranar. In ba ka kai nan ba ka haƙura ka shiga na kilomita 10, Legas suna haɗa shi da maraton ɗinsu a Fabrairu. Numfashi kam ba na jin ka, Jos ta kai wajen mita 1,200 a sama, Abuja ko rabin haka ba ta kai ba, shi ya sa kake ganin 'yan Pankshin in sun sauka ƙasa ba a kamo su. Zafin can ne abin tsoro, mu nan da rigar sanyi muke fita, don haka wasu ranakun ka riƙa fita bayan rana ta ɗaga jiki ya saba.

Ɗan Rikkos:
Ka riƙe dabino uku huɗu a aljihu da ORS, wato ruwan gishiri da sukari, a gora, amma ka gwada su tun a tirenin, kar ranar gasa ciki ya juya.

Baba Alhaji:
To na ji, ku yi na asibitin. Allah ya kai ka ya dawo da kai lafiya.

Baban Khalifa:
Amin Baba. Litinin in sha Allah zan je a duba ƙafar, Koci in sun yarda Asabar bayan sallar asuba ina wajenka, ka kawo agogonka don nawa batirinsa ya mutu.