Jarrabawa ta matso, asalin fituwitari ya ƙi zama mini a ka

Ɗalibar likitanci, aji biyu: Assalamu alaikum yayyena. Ranar Litinin muke da gwaji kan halittar ɗan tayi, kuma duk lokacin da na zo kan fituwitari sai kaina ya ɗaure. Abu ɗaya ne ƙarami a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa da ke fitar da homon, wato sinadaran da ke kai saƙo a jiki, to me ya sa ake cewa asalinsa biyu? Haddar nake yi, gari na wayewa ta gudu. Ya zan yi?

Wani ɗan aji biyar: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ajiye haddar, ɗauki biro ki zana. Wajen mako na 4 na ciki, rufin bakin ɗan tayi yana tura wani ɗan aljihu sama. Shi ne aljihun Ratke, sunan Bajamushen da ya bayyana shi a 1838. A lokacin kuma ƙasan ƙwaƙwalwa yana miƙo wani tsiro ƙasa. Sai su haɗu su rungumi juna. Kafin ƙarshen wata na biyu aljihun ya yanke hulɗa da baki, ya zama ɓangaren gaba, tsiron kuma ya zama na baya.

Idan kin riƙe wannan, sauran ya zo da sauƙi. Na gaba da kansa yake haɗa homon ɗinsa: na girma, firolaktin mai sa a samar da nono, ACTH mai zaburar da adirinal, TSH mai zaburar da tayirod, da LH da FSH na haihuwa. Na baya kuwa reshen ƙwaƙwalwa ne, ɗan ajiya kawai. Haifotalamus, sashen ƙwaƙwalwar da ke samansa, ke yin homon oksitosin da basofiresin, ya sauko da su ta jijiyoyi, na bayan ya adana.

Ɗalibar: Allah Ya saka da alheri yaya. Wato daga baki rabinsa ya fito? Ikon Allah!

Likitan dabbobi: Daga baki fa. Mu ma haka muka karanta a saniya da kare da ɓera. Kin taɓa ganin Bafulatana ta bar maraƙi ya fara tsotso kafin ta yi tatsa? Oksitosin ɗin ɓangaren baya take jira ya saki nonon. A karnukan Jamus na 'yan sanda kuwa akan haifi ɗan kwikwiyo da fituwitarinsa bai ƙeru daidai ba, saboda tangarɗa a ƙwayar gado LHX3. 'Yan'uwansa su girma, shi ya tsaya tsugul da gashin jarirai.

Wata likitar yara: 'Yata, ki shirya wa tambaya kan ragowar aljihun. Idan ɓurɓushin aljihun Ratke ya rage, yana iya zama ƙari, kiraniyofarinjiyoma. Yaro ya zo da ciwon kai, gani na raguwa, tsayi ya tsaya. Malamai na son wannan. Kada kuma ki manta mazaunin fituwitari, ramin ƙashin da ake kira sirdin Turkawa.

Tunda kin zauna zane, haɗa da adirinal da ke kan ƙoda, shi ma asali biyu gare shi: ɓawon daga mesodam, wato shimfiɗar tsakiya ta ɗan tayi, cikin daga ƙwayoyin da suka ɓallo daga gefen bututun jijiya. Tayirod kuma daga gindin harshe yake farowa ya gangaro wuya.

Ɗan aji biyar: Dakta, za ki cika mata kai kafin Litinin.

Likitar yara: Gara ni na cika mata da ta je ta tarar da shi a takarda.

Ɗalibar: Na gode Mama. Na zana sau uku, na huɗun ban leƙa littafi ba. Tayirod sai bayan Isha.