Neman kalma: ido a buɗe amma ba a gani ba

Malamar Samaru: Salam jama'a, a taimaka min, ina da shirin rediyo ranar Asabar kuma gobe da safe ake son rubutun. Me za mu kira inattentional blindness da Hausa, wato mutum ya kasa ganin abin da ke gabansa saboda hankalinsa na kan wani abu daban? Zan kawo gwajin Simons da Chabris na 1999 a Harvard, inda aka ce mutane su ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa wa juna ƙwallo, sai ga mutum cikin shigar gwaggon biri ya ratso tsakiya har da dukan ƙirji, kusan rabin masu kallo basu ganshi ba, da aka faɗa musu ma wasu ƙaryatawa suka yi.

Ɗan Kwangila: Rufa-ido mana Anti, meye abin wahala

Malamar Samaru: A'a ƙanena, rufa-ido aikin ɗan dabo ne, ni abin da ke samun ɗan kallo nake nema. Ba ka ga yadda suke yi ba, hannun dama na sama yana kaɗa hankici ana ta surutu, hagu kuwa ta cusa kwabon a aljihu a gaban kowa, ba layar zana ba komai, amma ka rantse kana kallo.

Baban Tudun Wada: Makantar shagala.

Bahaushen Asali: Shagala Larabci ce Alhaji. Na sha faɗa a nan, makantar ido-biyu, Hausa zalla.

Ɗan Kwangila: To rediyon ma ai aro ce, sai a fasa shirin 😂

Na Ƙofar Mata: Ikon Allah, wai Zazzagawa masu cewa "mace ne" su za su yanke mana kalma

Baban Tudun Wada: Yaro, a Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, je ka tambayi kakanka inda ya koyi karatun boko.

Bahaushen Asali: A dawo kan ido-biyu dai. Ba barci kake ba, ba makaho bane kai, me ya rage?

Malamar Samaru: Yallaɓai naka na da daɗi amma bai faɗi dalili ba, mai sauraro zai zaci ciwon ido ne a tafi asibiti. Zan ɗauki makantar shagala in bi ta da bayani.

Bahaushen Asali: Ba komai, ku je. Amma a ambaci tawa ko sau ɗaya ne.

Malamar Samaru: In lokaci ya isa insha Allah, minti goma kacal aka bani.