Idan banki ya caje ka kuɗin ruwa fiye da yarjejeniya

Malam Habu: Jama'a, a ce babban banki ya gano wani mai ba da rance ya ɗora wa mutane ruwan da ba shi aka sa wa hannu ba. Wanda abin ya shafa ta ina zai fara?

Hajiya Binta: Malam Habu, da takardu. Ya nemo takardar tayin rancen da ya sa wa hannu, da bayanan asusu tun daga ranar da aka ba shi kuɗin. Sai ya kwatanta wata-wata. Misali, bashin 1,000,000 a kan kashi 20, aka caje shi kashi 23: bambancin ya kai kusan 30,000 a shekara, yana raguwa yayin da uwar kuɗin ke raguwa. Lissafi a kan ragowar bashi ake yi, nan mutane da yawa ke kuskure.

Garba Akanta: Haka ne Hajiya. Kuma a rarrabe mayar da kuɗi da diyya. Na farko haƙƙinka ne da aka ɗauka, a dawo da shi tare da ruwan tsawon lokacin da ya zauna a hannunsu. Diyya kuwa ta ɓarnar da ta biyo baya ce: tarar jinkiri da aka ɗora maka, sunanka da aka ɓata a wurin masu ajiye tarihin bashi, ko kadarar jingina da aka sayar. A nemi a gyara sunan a rubuce, don shi ke hana mutum samun rance gobe.

Hajiya Binta: Babban bankin Ireland ya fara irin wannan bincike a 2015 kan rancen gidaje. Zuwa 2019 an gano asusu sama da 40,000 da abin ya shafa, an biya masu su yuro miliyan 683. A 2022 ya ci Bank of Ireland tarar yuro miliyan 100.5. Amma ku lura, tara ba ta shiga aljihun mai rance, lissafinta daban.

Malam Habu: To idan bankin ya yi kunnen ƙashi fa?

Usman: Ƙorafi a rubuce, a karɓi lambar shaida da kwanan wata. Na baki ba ya zama hujja. In wa'adin da banki ke da shi na ba da amsa ya cika, a ɗaukaka. A Birtaniya makonni 8 ne kafin a je wurin mai sasanta rikicin kuɗi, a Najeriya kuma sashen kare haƙƙin masu hulɗa na Babban Bankin Najeriya (CBN) ake kai wa, amma sai ka nuna ka fara da bankinka. Kada a daina biyan bashin saboda fushi, zai zama makami a hannunsu.

Garba Akanta: Sannan a karanta takardar da ke zuwa da kuɗin kafin a sa hannu. In ta ce karɓa ya rufe maganar gaba ɗaya, a dakata a nuna wa lauya. A Ireland an bar mutane su karɓi kuɗin kuma su ɗaukaka ƙara, amma ba ko'ina ake yin haka ba.