Kwana biyu a Alkahira, ina ya kamata mu leƙa?

Abu_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Zan raka Hajiyarmu Masar ganin likita wata mai kamawa, to bisa lissafi in Allah ya yarda za mu samu rarar kwana biyu kafin jirgin dawowa. Masaukinmu a Madinatu Nasr yake. Don Allah wanda ya san garin ya ba ni shawara ina da ina za mu je, ita dai Hajiya burinta ta yi sallah a Azhar ta kuma ga gawar Fir'auna, ni kuma dalar Giza nake son gani. Sai dai ƙafarta ba ta son doguwar tafiya.

Dan_Azhar:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Malam kar ka ce za ka haɗa Giza da Azhar a rana ɗaya, a waya za ka ga kamar kusa ne amma cunkoson motocin garin nan sai ya cinye maka rabin wuni kana zaune a kan gada. Ka ware wa Giza rana guda, ku fito da sassafe kafin rana ta yi zafi, ka kira Uber kawai don masu tasi in suka ga baƙo sai a ce mita ta lalace. Shiga cikin babbar dalar tikiti daban ne kuma gaskiya ban ba Hajiya shawara ba, hanya ce ƙunƙunta da mutum zai hau a duƙe ga zafi, kuma in ka isa ɗakin ba abin da za ka tarar sai akwatin dutse babu kowa a ciki. Ku tsaya a waje ku yi hoto, ku gangara wajen Abul Haul, wancan mai kan mutum da jikin zaki. Masu raƙuma da dawaki za su yi ta binku, in ba za ka hau ba ka ce "la, shukran" ka wuce, in za ka hau ku gama ciniki tukuna har da kuɗin sauka, ba wasa nake ba.
In akwai sauran ƙarfi sabon gidan tarihin nan babba yana nan kusa da dalar, can aka kai kayan sarki Tutankhamun.

Ummu_Hanan:
Maganar gawar Fir'auna, kar ku je gidan tarihin Tahrir da sunan nemanta, tun 2021 aka kwashe gawarwakin sarakunan guda 22 aka mayar da su gidan tarihin da ke unguwar Fustat. Wurin ba shi da girman da zai wahalar da dattijuwa, akwai sanyin AC, amma ba a yarda a yi hoto a ɗakin gawarwakin ba. Kuma fa ba wanda aka rubuta wa "Fir'aunan Annabi Musa" a jiki, wasu na cewa Ramsis na biyu ne wasu na cewa ɗansa Marnabtah, duk suna ciki sai Hajiya ta kalli kowanne. Daga nan masallacin Amru bin Asi ba nisa, shi ne na farko da aka gina a Masar.
Sannan ka tafi da katin banki da ke aiki a waje don wuraren nan yawancinsu sun daina karɓar kuɗi a hannu wajen tikiti. Ku kuma ƙulla yajinku daga gida wallahi, koshari da ful akwai daɗi amma bakin Hajiya zai nemi yaji.

Baban_Ikram:
Ni dai da ni ne Giza awa biyu ta ishe ni, duwatsu ne ka gani ka yi tasbihi shikenan. Daɗin garin yana tsohuwar Alkahira. Ku yi la'asar a Azhar, masallacin da Faɗimiyawa suka fara ginawa tun 970, ku tsallaka masallacin Husaini, kasuwar Khan Khalili na manne da shi, in magariba ta yi a kunna fitilun titin Mu'izz sai ka rasa inda za ka kalla. Amma kar ka yi sayayya mai yawa a Khan, farashin Turawa ne, duk abin da aka ce maka ka taya ƙasa da rabi. Abaya da tsarabar yara ka gangara kasuwar Muski ko Ataba.

Dan_Azhar:
Baban Ikram ai mai tambaya ya ce dala yake son gani, bar shi ya gani, hhh. Amma Muski da Hajiya kam a'a, turereniyar wurin ko mai lafiya sai ya ji a jikinsa. Ta zauna a harabar Azhar ta huta, shi ya je ya dawo.

Abu_Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ke nan ranar farko Giza, ta biyu Fustat da safe Azhar da yamma. Ɗaya daga ciki Juma'a ce, wanne ya fi dacewa na sa a ranar?

Dan_Azhar:
Sa Fustat da Azhar. Safiyar Juma'a titi fayau yake, kuma sai ku samu Juma'a a Azhar ɗin, amma ku isa da wuri don ɓangaren mata na saurin cika.